FSMonitor a Git: mai gadin ya iya aiki, amma ƙofar wa aka ɗauke shi tsaro?

Idan kana rubuta manhaja, ko kana nazarin bayanai da Python ko R, da wuya yini ya wuce ba ka buga `git status` ba. Tambaya ɗaya kake yi wa Git da wannan umarni: me ya canza a foldar nan tun ajiyar da na yi ta ƙarshe? A ƙaramin aiki, kafin ka ɗaga yatsa amsa ta fito. A babban aiki kuwa, mai fayil dubu ɗari huɗu ko miliyan, sai ka zauna kana kallon allo. Tun 2022 Git ya zo da maganin wannan jira a cikinsa, sunansa FSMonitor, kuma yau za ka ga ana yaɗa shawarar kunna shi kamar abin da ba shi da ko ɗigon illa: rubuta layi ɗaya, Git ɗinka ya zama walƙiya.

Ni dai ga matsayina tun daga farko. FSMonitor aikin injiniya ne mai kyau, kuma akwai darasi a cikin yadda aka gina shi. Sai dai an ɗinka shi daidai jikin wasu mutane ne, masu wata irin kwamfuta da wata irin wuta da wani irin intanet. Ɗalibin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wanda ke komawa gida Gaya da firojet ɗinsa a jaka, ko mai tattara bayanai a ƙauyukan Ajingi, ba ya cikin waɗanda aka auna. Idan ya kunna shi ido rufe, sau da yawa ba zai ga amfanin komai ba, kuma akwai yanayi biyu da abin zai iya cutar da shi. Bari mu bi su dalla-dalla.

Abin da ke sa Git nauyi

Git yana riƙe da wata rajista a ɓoyayyiyar foldar `.git`, ana kiranta `index`. A ciki akwai sunan kowane fayil da yake bibiya, da girmansa, da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, da lambar shaidar abin da ke cikinsa. Idan ka buga `git status`, ayyuka uku yake yi. Na farko, ya bi fayilolin rajistar ɗaya bayan ɗaya yana tambayar kwamfuta girma da lokacin kowanne, ya gwada da abin da ya rubuta. Na biyu, ya leƙa kowace folda yana neman sabbin fayilolin da ba su cikin rajista. Na uku, ya gwada rajistar da ajiyar ƙarshe.

Duk wanda ya taso a Gaya ko Ajingi ya san wannan salon, don ya ga masu allurar shan inna. Gida-gida suke bi, ko da gidan babu jariri, su yi tambaya, su yi rubutun alli a bango, su wuce na gaba. Hanyar tana da tabbas, ai zuwa da kai ya fi aike. Amma wahalarta daidai take da yawan gidajen da ke garin, ko da yara uku kacal aka haifa tun zagayen baya. Haka Git: ko fayil ɗaya ka gyara, sai ya ƙwanƙwasa ƙofar dukkansu.

Mu yi lissafin misali. A ce kwamfutarka na iya duba fayil 20,000 a sakan ɗaya. Aiki mai fayil 2,000 zai ci kashi ɗaya cikin goma na sakan. Mai fayil 400,000 zai ci sakan 20. Mai miliyan 3.5 zai ci sakan 175, wato kusan minti 3. Ka riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Su wa suka ji zafin

Linus Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilu 2005 don aikin Linux, wanda a lokacin fayilolinsa ba su wuce kusan 17,000 ba. A wannan girman, bin gida-gida ba matsala ba ne. Matsalar ta taso lokacin da manyan kamfanonin Amurka suka riƙa tara dukkan aikinsu a ma'ajiya guda. A watan Janairu 2014 Facebook ta bayyana cewa ta zaɓi Mercurial, kishiyar Git, ta kuma haɗa shi da wata manhajarta mai suna Watchman da ke sa ido kan canjin fayiloli. A 2017 Microsoft ta kwashe aikin Windows zuwa Git: fayil kusan miliyan 3.5, nauyin kusan gigabait 300, injiniyoyi kusan 4,000. Su da kansu suka faɗi cewa da Git na yau da kullum, `git status` na cin kusan minti 10, sauke ma'ajiyar kuwa ya haura awa 12.

Daga nan gyare-gyare suka riƙa shigowa. A siga ta 2.16, cikin Janairu 2018, Git ya samu ƙofar da za a iya jona masa Watchman, aikin Ben Peart na Microsoft. A 2.26, cikin Maris 2020, aka sauya yadda suke magana da juna. Sannan a 2022 Jeff Hostetler ya kawo mai sa ido na cikin gida, wanda ba ya buƙatar a sauke wata manhaja daban, GitHub ta gabatar da shi da siga ta 2.37 a watan Yuni. A gwajin da ya wallafa, ya yi amfani da ma'ajiyar Chromium mai fayil kusan 400,000, da wasu biyu na gwaji masu miliyan 1 da miliyan 2. Jiran da ke kamawa daga sakan 17 zuwa 85 ya sauko ƙasa da sakan 1. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yadda mai gadin ke aiki, da abin da ya cancanci yabo

Dabarar ita ce a daina ƙidayar gida-gida, a koma tsarin mai unguwa. A masarautar Gaya, kamar sauran ƙasar Hausa, hakimi ba ya zagaya gidaje don ya san wa ya haihu, wa ya yi baƙo. Labari ke hawowa daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa gare shi. Ita ma kwamfuta ta riga ta san duk fayil ɗin da aka taɓa, tunda ta hannunta ake taɓawa. Windows na da hanyar sanarwa mai suna ReadDirectoryChangesW, macOS na da FSEvents, Linux na da inotify. FSMonitor wata 'yar manhaja ce da ke zaune a bayan fage tana sauraron waɗannan sanarwa tana rubutawa. Idan ka buga `git status`, sai Git ya tambaye ta, ta ce fayil kaza da kaza aka taɓa, shi kuma ya je ya duba su kaɗai.

Faɗin wannan ba wuya. Wuyar tana wajen amana, domin gani ya kori ji, kuma yanzu Git ya koma dogaro da ji. A nan ne aikin ya burge ni, a wurare uku.

Na farko, tikiti. Tsarin farko na 2018 da agogo yake aiki: faɗa min abin da ya canza tun ƙarfe kaza. Agogon kwamfuta kuwa yana iya zamewa, kuma abu biyu na iya faruwa a sakan guda. Sabon tsarin sai ya koma ba da tikiti. Duk amsar da mai gadi ya bayar, yana haɗawa da wata lamba, Git ya ajiye ta a rajista, in ya dawo ya miƙa ta ya ce daga nan za ka ci gaba. Tikitin na ɗauke da shaidar wane mai gadi ya bayar, don haka in an sake sabon mai gadi, zai gane cewa tikitin ba nasa ba ne.

Na biyu, gwajin kunne. Sanarwar kwamfuta tana iya makara. Kana iya ajiye fayil yanzu, ka buga `git status` nan take, alhali labarin bai iso wurin mai gadi ba. To kafin ya ba da amsa, sai ya ƙirƙiri wani ɗan fayil na wucin gadi a cikin `.git`, ya jira har sai ya ji sanarwar wannan fayil ɗin ta iso. In ta iso, ya san duk abin da ya riga ta ya iso. Masu sa ido kan cututtuka sun daɗe da irin wannan tunani. A tsarinsu, asibiti kan aika rahoton mako ko da ba a samu mai cutar ko ɗaya ba, ya rubuta sifili. Dalili kuwa, shiru ba shaidar lafiya ba ne, yana iya zama wayar ce ta lalace.

Na uku, sanin iyaka. Idan sanarwa ta yi yawa har wasu suka zube, ko aka kawo tikitin da bai gane ba, mai gadin ba ya kame-kame. Cewa yake yi ban sani ba, je ka duba komai. Sai Git ya koma gida-gida a wannan karon. Ya zaɓi jinkiri a kan ƙarya, kuma zaɓin da ya dace ke nan ga manhajar da aka damƙa wa tarihin aikin mutane.

To ina matsalar?

Ta farko ita ce lissafin nan da na ce ka riƙe. Ribar FSMonitor tana girma ne da yawan fayil. Firojet ɗin kammala digiri, ko shafin intanet na makaranta, ko rubutun nazarin bayanan asibiti, da wuya fayilolin da Git ke bibiya a ciki su kai dubu biyu. Kana ƙoƙarin rage kashi ɗaya cikin goma na sakan ke nan. Dubi ma aikin da ya fito daga gida, irin NaijaSenti da masu binciken HausaNLP suka wallafa a 2022 tare da abokan aikinsu: saƙonnin Twitter kusan 30,000 a kowanne cikin Hausa, Igbo da Yarbanci, da kusan 14,000 a Pidgin, amma a cikin fayilolin rubutu ƙalilan suke zaune a GitHub. Bayanai masu yawa ba su ne fayiloli masu yawa ba.

Inda namu aikin ke kumbura daban ne. Wani ya yi aikin JavaScript, foldar `node_modules` ta tara dubban fayiloli, bai sa ta a `.gitignore` ba. Wata tana tara muryoyin Hausa don koya wa kwamfuta jin magana, kowace jimla fayil guda, ko tana ɗaukar hotunan ganyen gero da dawa daga gonaki, duk ta zuba su a foldar da Git ke gadi. A nan `git status` zai yi nauyi da gaske. Amma ciwon shi ne an sa Git lura da abin da ba aikinsa ba. Layi biyu a `.gitignore` sun fi mai gadi magani, domin foldar da aka ce ya ƙyale ba ya ma shiga cikinta.

Ta biyu, mai gadin yana zaton kwamfuta ba ta mutuwa. Duk abin da ya ji, a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake riƙe shi. Da zarar kwamfuta ta mutu, ya manta, tikitin da ke hannun Git ya zama takardar tsire, kuma `git status` na farko bayan an kunna sai ya bi gida-gida. Injiniyan da kwamfutarsa ke yin mako ba a kashe ta ba yana biyan wannan kuɗin sau ɗaya, ya ci riba sau ɗari. Kai da ke aiki da laftof ɗan gwanjo wanda batirinsa ya gaji, da an ɗauke wuta ko an kashe janareta ya mutu, kana biya duk tashi. Kuma wannan zagayen farko shi ne mafi tsada, tunda kwamfutar ba ta riga ta ɗauko bayanan fayilolin daga faifai ba. In faifan naka tsohon nan ne mai juyawa, wanda allura ke yawo a kansa, to a nan za ka ji jiki, kuma FSMonitor ba shi da abin da zai yi maka a wannan lokacin. Ƙari a kan haka, kowace ma'ajiya da nata mai gadin. Wanda ya kunna shi ga dukkan ayyukansa da `--global`, a kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 4, ya ɗauki ma'aikatan da ba su da aikin yi yana ciyar da su.

Ta uku, Linux. Mai gadin cikin gida ya fito a 2022 yana aiki a Windows da macOS kawai, kuma aka yi shekaru a haka, mai Linux sai dai ya sauke Watchman. Akwai dalilin fasaha na gaskiya. A Windows da macOS, kira ɗaya ya isa a sa ido kan folda da duk 'ya'yanta da jikokinta. Shi kuwa inotify, wanda ya shigo Linux a 2005, sai an yi wa kowace folda rajista daban, kuma shekaru da yawa adadin da aka ƙayyade wa mutum ɗaya 8,192 ne sai in ya ɗaga da kansa. Na yarda da wannan uzuri. Amma ka lura da jerin: manhajar da aka haifa don Linux ta samu sabon abu a Windows da macOS tukuna, domin nan ne masu biyan albashin aikin ke jin zafi. Mu kuwa, Linux ne ke raya tsofaffin kwamfutocin da Windows ya yi musu nauyi.

Wurare biyu da abin ya wuce rashin amfani

Na farko shi ne cakuɗa sabuwar siga da tsohuwa. Umarnin da ake yaɗawa shi ne `git config core.fsmonitor true`. Ga sabon Git, `true` na nufin kunna mai gadin cikin gida. Ga Git 2.35.1 zuwa baya kuwa, wannan gurbin na sunan manhajar da za a kira ne, don haka sai ya ɗauka `true` sunan manhaja ne. Kuma a Linux akwai manhaja mai wannan suna, aikinta kawai ta ce an yi nasara ba tare da ta faɗi komai ba. Takardun Git da kansu sun yi gargaɗi a kan haka: daga 2.26 zuwa 2.35.1 Git zai koma duba komai, ba asara sai ta lokaci, amma sigar da ta girmi 2.26 tana iya ɗaukar shirun a matsayin babu canji, ta ba ka rahoton da bai cika ba, ba tare da ta yi ƙorafi ba.

Kada ka ce ai wannan tsohon zance ne. Ubuntu 20.04 da Git 2.25.1 yake zuwa, Ubuntu 22.04 kuma da 2.34.1. Inda data ke da tsada, mutane na girka Ubuntu daga filashin da ya daɗe yana yawo hannu-hannu, su yi shekaru ba su sabunta ba. Ka ɗauki mai laftof ɗin da ya raba biyu, Windows da Ubuntu, foldar aiki ɗaya. Ya kunna FSMonitor a ɓangaren Windows, ya koma Ubuntu ya gyara babi na huɗu, Git bai nuna masa gyaran ba, ya tura aikin yana zaton komai ya tafi. Duk taka-tsantsan ɗin tikiti da gwajin kunne da na yaba a sama, kalma ɗaya ta zagaye shi. A ganina kuskuren zane ne a ɗora sabuwar ma'ana kan tsohon gurbi, kuma gargaɗin da aka binne a takardun bayani bai kai ga mai kwafar layi ɗaya daga WhatsApp ba.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Tunda `core.fsmonitor` na iya zama sunan manhajar da Git zai kira, to duk wanda ya samu damar rubutu a fayil ɗin `.git/config` yana iya sa kwamfutarka ta gudanar da umarninsa da zarar an buga `git status`. Kuma ba sai kai ka buga ba, manhajojin rubuta kod da yawa suna bugawa da kansu da ka buɗe folda. Mai binciken tsaro Justin Steven ya yi bayanin wannan hanya a 2022. Masu kula da Git sun dogara da cewa `git clone` ba ya kwaso wannan fayil ɗin daga ma'ajiyar wani, kuma gaskiya ne. A watan Afrilu 2022, da siga ta 2.35.2, suka ƙara wani shinge: Git ya daina amincewa da ma'ajiyar da wani mai amfani daban ya mallaka a kwamfutar.

To amma yaya aiki ke yawo a wajenmu? Da filashi, da Xender, da fayil ɗin zip a WhatsApp. Foldar gaba ɗaya ake kwafa, har da `.git` da abin da ke cikinta. Da ka kwafe ta zuwa faifanka, kai ne mai ita a idon kwamfuta, shingen mallaka bai shafe ta ba. Wato kariyar an gina ta ne bisa zaton kowa ta intanet yake karɓar aiki. Wanda ke karɓa hannu da hannu a shagon buga takardu ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ƙofarsa a buɗe take. Ka lura, wannan haɗarin yana nan ko ka kunna FSMonitor ko ba ka kunna ba, domin saitin a cikin foldar yake zuwa.

'Yan'uwan mai gadi, da zancen data

FSMonitor ba shi kaɗai ya zo ba. Yana rage aikin farko cikin ukun nan, in an haɗa shi da `core.untrackedCache` ya rage na biyu, amma rajistar kanta tana nan da girmanta, sai an karanta ta an sake rubuta ta. Shi ya sa aka kawo wasu dabarun: sauke wani yanki na fayiloli kawai zuwa folda, da sauke tarihi ba tare da abin da ke cikin fayiloli ba ta `--filter=blob:none`, sai Scalar da ya shigo a 2.38 cikin Oktoba 2022 yana kunna su a tare.

Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa, wannan saukewar rabi ta fi FSMonitor amfani nesa ba kusa ba, don abin da ke hana shi shiga babban aiki nauyin saukewa ne. Amma ita ma da sharaɗinta: abin da ba a sauke ba, Git zai nemo shi daga intanet a lokacin da ka buƙace shi. Ka sauke a cikin Kano inda sabis ke da ƙarfi, ka isa ƙauye ka nemi tsohuwar sigar wani fayil, sai ya ce maka sai da intanet. Babban abin da ya sa Git ya dace da mu tun asali shi ne komai na hannunka, kana iya yin wata guda kana aiki ba ka taɓa intanet ba. Gyare-gyaren manyan ma'ajiyoyi suna sayen sauri ne da wannan 'yancin, kaɗan-kaɗan.

A yi musu adalci

Ba a tilasta wa kowa ba. FSMonitor a kashe yake zuwa, sai ka kunna. Microsoft da GitHub sun biya injiniyoyi shekaru, suka mayar da aikin cikin Git na kowa kyauta, a fili, inda Junio Hamano, mai kula da Git tun 2005, da sauran masu bita suka tace shi. Kuma ranar da ɗan Gaya zai ba da gudunmawa a Chromium ko wani aiki mai wannan girman, zai gode wa Allah da akwai shi. Ƙorafina bai kai ga cewa kada a gina shi ba. Yana kan abu biyu: an auna nasararsa da ma'auni guda, sakan nawa a kwamfuta mai ƙarfi da ba ta mutuwa, sannan mu kuma muna kwafo shawarar ba tare da mun tambayi ko ciwonmu ne take magani ba. Na biyun laifinmu ne, mu masu koyarwa da masu rubutu.

Abin da ya kamata ka yi

Fara da awo. Buga `git --version` a kowace kwamfuta da kowane ɓangare da ke taɓa foldar. Buga `git ls-files | wc -l` ka ga yawan fayilolin da ake bibiya. Buga `time git status` sau biyu a jere, domin bambancin na farko da na biyu yana nuna maka rabon faifai a cikin jinkirin. Sannan ka gwada `git status -uno`, wanda ke tsallake neman sabbin fayiloli. In wannan ya yi sauri sosai, matsalarka tana aiki na biyu, sai ka gyara `.gitignore` ka kunna `core.untrackedCache`.

Fitar da hotuna da muryoyi da manyan bayanai daga cikin Git, ka ajiye su a wata folda tare da jerin sunayensu. GitHub ma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura megabait 100. Kada ka yi aiki kai tsaye a kan filashi: tsarin FAT32 yana rubuta lokacin gyara fayil ne sakan bibbiyu, ga shi da jinkiri. In kana da kuɗin gyara ɗaya tak, sauya tsohon faifai da SSD, wannan zai taimaki Git da duk abin da ke kwamfutar.

In za ka ba wani aiki ba tare da intanet ba, yi `git bundle create aiki.bundle --all`, ka ba shi wannan fayil ɗaya, shi kuma ya yi `git clone aiki.bundle aiki`. Tarihi duka zai tafi, saitin da ke iya ɗauke da mugun umarni ba zai bi shi ba. In kuwa an riga an ba ka folda sukutum, buɗe `.git/config` da Notepad ka karanta, ka leƙa `.git/hooks`, kafin ka buɗe ta da manhajar rubuta kod.

FSMonitor kuma, ka kunna shi idan fayilolin da ake bibiya sun kai dubu ɗari ko kusa, `git status` na cin sakan da yawa ko a bugu na biyu, duk sigogin Git da ke taɓa foldar sun kai 2.37, kuma kwamfutar na daɗewa a kunne. Ka kunna shi a wannan ma'ajiyar kaɗai, ban da `--global`. Idan sharuɗɗan nan ba su cika ba, bar Git ya ci gaba da bin gida-gida. A gari mai gida dubu biyu, zagayen ba ya kai ƙiftawar ido, kuma abin da ya faɗa maka da idonsa ya gani.